Ruwan da Mama Ba Ta Ji Ba

Shekarar da maigidana ya ajiye kakin soja muka dawo Zuru, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ya sauko da mahaifiyarsa daga kan dutse. Ni ma shi ne ya tsaya mini, sai dai ban cika faɗa ba, don ni da na buɗe baki a kan magana sai ta koma faɗa. Shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana, mutum sai ya hau tudu yana ɗaga ta sama kafin ya ji muryar ɗan'uwansa.

Mama, haka nake kiran surukata tun ranar da aka kawo ni gidansu. Tana zaune ita kaɗai can bayan Dabai, a gefen dutse, cikin ɗakin jinka da mijinta ya ɗora da hannunsa bayan ya gama golmo, wato noman shekaru da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Mijin ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya duk kaki ya kwashe su. Yanar ido ta fara rufe mata gani, kunnen hagu ya yi ritaya tun kafin ɗanta, na dama ne ke ɗan taɓa aiki. Daminar da ta wuce ta zame a hanyar rafi, ta yini a ƙasa kafin masu kiwo su gan ta. Bangon ɗakin kuma ya tsage ta gabas, inda ruwa ke bugowa. Babu wanda ya faɗa a fili, amma duk mun sani: in ta sake yin damina a can, ba lalle mu same ta da kaka ba.

To, amma je ka gaya mata. Mu ba ta ƙi mu ba, tana sona kamar ita ta haife ni. Kwano ta tsana. Lokacin da na haifi ɗan fari ta zo mini jego a bariki, aka yi ruwa da rana tsaka a kan kwanon nan na soja da babu komai a ƙarƙashinsa. Ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta ce mun saka ta cikin ganga mun ba yara suna kaɗawa. Da safe kuma kwanon ya yi zufa ya ɗigo mata a zane. Ta koma gida ta yi shekara da shekaru tana ba mutanen kan dutse labarin, kullum gangar tana ƙara girma.

Maigidana kowa Saje yake ce masa a unguwa. Ni Baban yara nake cewa, sai in ya ba ni haushi nake komawa Saje, kuma a wannan shekarar na yi Saje da yawa. Na ce masa mu ɗora mata jinka a cikin gida mana, a huta. Ya ce bai yarda ba. Na ɗaya, gobara: a gari ne, murhu kusa da murhu. Na biyu, ba za a ce shi yana ƙarƙashin kwano uwarsa tana ƙarƙashin ciyawa ba. Ya hau dutse, ya durƙusa gabanta, ya ce, "Mama, zan yi miki ɗakin kwano wanda ba za ki ji ƙarar ruwa ba."

Ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce, "In ka yi, na zo." Ita a ganinta ta kashe maganar ke nan.

Ba ta san ɗan da ta haifa ba. Bayan Kirsimeti aka ɗaga bango, da aka zo rufi sai ya ja ni kasuwa, shagon wani Bahaushe mutumin wajen Kebbi mai sayar da kayan gini. A kusurwar shagon akwai wasu naɗe-naɗe baƙaƙe masu warin kwalta. Kafintoci na ce da shi fel. Abu ne kamar takarda mai kauri da aka jiƙa da kwalta, ana shimfiɗa shi ƙarƙashin kwano ya tare ɗigo da zafi, ya rage ƙara. Iri uku ne a wurinsa. Akwai siriri, wanda za ka iya yagawa da yatsu. Akwai matsakaici. Sai mai kauri, shi kam kamar fatar sa, ninke shi ma aiki ne.

Mai shagon ya dubi tsayuwar Saje ya gane abin da ya samu. Ya ce, "Yallaɓai, wanga siririn na rufin akurki ne. Wanga na tsakiya, to, ba laifi. Amma in don tsohuwa ne, ai wanga mai kaurin shi ne na ɗan da ya san darajar uwa."

Na ce, "Malam, kai dai sayar da kayanka, bar mana zancen uwa."

Saje bai saya ba ranar. Ya karɓi guntu-guntu na kowane iri ya ce sai ya gwada. Mutumin da ya yi rayuwarsa ba ya yarda da bindiga sai ya harba ta, shi ne zai yarda da bakin ɗan kasuwa? Muka dawo gida ya ɗora fallen kwano ɗaya a kan duro biyu a tsakar gida, ya huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, ya miƙo mini, ya ce in hau kujera in riƙa zuba ruwa ta ciki. Shi kuma, da girmansa da furfurarsa, ya shige ƙarƙashi ya kwanta rigingine yana saurare. Ya sa siriri, ya ce "Zuba!" Ya sa matsakaici, ya ce "Zuba!" da muryar fareti. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ga ruwan da na sha wuya na jawo daga rijiya ina watsar da shi a kan kwano kamar mahaukaciya.

Da ya sa mai kaurin sai ya daɗe yana kasa kunne. Can ya ce, "Ninka shi biyu." Na ninka, na zuba. Ya fito yana kakkaɓe riga, fuskarsa kamar an ƙara masa igiya a soja. Ya ce wannan za a sa, kuma biyu za a shimfiɗa.

Na ce, "Haba Saje! Ɗaki kake ginawa ko ramin yaƙi? Nauyin nan katako zai ɗauka? Warin kwaltar fa, tsohuwa za ta shaƙa?"

Ya ce, "Ke dai aikinki zuba ruwa, kin gama."

Na yi faɗan nauyi, na yi faɗan wari, na yi faɗan ruwana da aka ɓarnatar. Abin da zai zo ya same mu kuwa, ko a mafarki bai zo mini ba, shi ma haka.

Aka ƙara katako. Aka shimfiɗa zana a kai don ta tallafe fel ɗin, aka shimfiɗa fel mai kauri ninki biyu, aka ɗora kwano, kowace ƙusa da ɗan yankan fel a ƙarƙashin kanta don kada ruwa ya bi hudar. Ta ciki kuma aka buga silin. Gaskiya zan faɗa, ɗakin ya yi. Da bazara ta kama, zafin Zuru na gasa mutum, ka shiga ɗakin nan sai ka ji sanyi-sanyi kamar gindin randa. Warin ya tafi da kansa. In ka ja ƙofa ko kukan jaki ba ka ji sosai. Na yi ta yi wa Saje gori cewa ni da na bi shi bariki-bariki ina tara kwanoni a ƙarƙashin ɗigo ban samu irin wannan ba.

Mama ta cika alkawari, don ita ba ta magana biyu. Ta sauko da tabarmarta, da tukunya ɗaya, da 'yan zannuwa, da wata gora da aka toshe bakinta da tsumma. Gorar nan ba ta yarda kowa ya riƙe ba, a cinyarta ta zauna har muka iso. Irin dawa ne a ciki, gauraye da toka don ƙwari. A kan dutse babu mai shuka sai Mama ta yi magana. Da ruwan farko ya fara taɓa jinka ita ke fara ji, ta fito, in ya ɗauke ta soka yatsa a ƙasa. In ta ce bai kai ba, ko wa ya yi gaggawa ya yi asarar iri. In ta ce ya kai, washegari kowa ya ɗauki sungumi. Tun tana da ƙarfinta haka ake yi, har idon ya tafi ba a daina ba, don ba da ido take aikin ba.

Ta ji daɗin ɗakin, wannan ba ƙarya. Ta riƙa barcin rana, abin da ba ta saba ba. Kumatunta suka ɗan ciko. Ran Lahadi in riƙe mata hannu mu taka zuwa coci, tana gaya mini wa ya tsufa wa ya lalace daga jin muryarsu kawai. Saje yana yawo a gida yana fito. Na ce a raina, to, mun ci wannan yaƙin.

Sai ruwan farko ya zo. Da rana ne, bayan an ci abinci. Saje ya tafi taron 'yan fansho. Hadari ya haɗo daga gabas da sauri, iska ta taso, na leƙa na ga Mama tana barci, na ja mata ƙofa da taga don kada iska ta tashe ta. Na shiga gudun kwashe shanya, tara bokitai, jawo duro ƙarƙashin indararo, kora kaji. Aka zuba ruwa, ruwa na gaske, har tsakar gida ta yi rafi. Ya ɗauke, rana ta sake leƙowa, ƙasa tana ta wannan ƙamshi nata. Ina tsaye ina murna da durona da ya cika.

Can na ji ƙofa ta buɗe. Mama ta fito da sandarta, ba takalmi, kamar kullum. Ƙafarta ta sauka a kan ƙasa sai ta tsaya cak. Ta ɗaga ƙafar ta sake ajiyewa.

"Ɗiyata, wa ya zubar da ruwa a ƙofata?"

Na ce, "Mama, ai ruwan sama aka yi."

"Yaushe?"

"Yanzun nan ya ɗauke. Kina barci."

Ta ce, "Na daɗe da farkawa. Ina kwance ne kawai."

Ta sunkuya a hankali, ta soka yatsa a ƙasa, ta daɗe a haka. Ba ta ce ya kai ba, ba ta ce bai kai ba. Da ta ɗago sai na ga hawaye yana bin kumatun nan da muka yi ta murna sun ciko. Wayyo Allah. Matar da na tsaya kusa da ita ranar da aka binne mijinta ban ga hawayenta ba. 

Ana haka sai ga Saje ya shigo a jiƙe sharkaf, baki har kunne. Tun daga ƙofar gida yake ɗaga murya: "Mama! Kin ji wani abu?"

Ta ce, "Ban ji ba."

Ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani!"

Allah ya sani, da ludayi na hannuna da na jefe shi da shi. Na yi masa ido, sai a lokacin ya dubi fuskarta. Ta yi masa magana da yarenmu, a hankali, ba faɗa. Ta ce tun tana yarinya ruwan farko bai taɓa sauka ba ta sani ba. Ta ce waɗanda ake yi wa ruwa a kai ba su ji ba, ta san inda suke kwance, mijinta na cikinsu. Ta ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Ka mayar da ni gida."

Kafin yamma ta ƙulle kayanta a zane, gorar a tsakiya. Ta ce ran kasuwa, in motar mutanen wajensu za ta koma, da ita za ta koma. Ta daina shiga ɗakin da rana, sai ta zauna a bakin ƙofa tana ɗaga fuska sama, saman da ba ta gani.

Saje ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Da farko haushi ya ji. Ya ce mini, "Ba ita ta ce ƙara ta hana ta ba? Na kashe ƙarar, kuma yanzu laifi ne?" Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na ga idonsa, tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Baban yara, yaushe rabonka da kwana a ɗakin jinka da damina?" Ya shiga lissafi da yatsu. Ni ma da na tambaya sai da na tsaya na tuna. Ai jinka ma ana jin ruwa a kanta. A hankali ne, kamar ana zuba tsaba a ƙwarya, amma ana ji. Bariki ta mantar da mu duka biyun, muka ɗauka ruwa ko dai ganga ne ko shiru.

Washegari da safe na ga ya jawo duro biyun nan, ya ɗora su a kan bulo don su yi tsawo, ya ɗauko fallen kwanon da guntayen fel. Ya ajiye 'yar kujera a ƙarƙashi. Ya je ya durƙusa ya roƙi Mama ta zo ta zauna. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a yi wasan 'yar tsana da ita. Na ce, "Mama, ki zo mana. Ni na zuba wa ɗanki ruwa a kai unguwa ta yi mini dariya, ke ma sai kin ɗanɗana." Ta ce ni dai bakina ba ya mutuwa. Ta zo ta zauna, ta juya kunnen dama sama.

Aka fara da mai kaurin. Na zuba, na zuba, hannuna har ya gaji. Ta ce, "To, ku fara mana." Saje ya sunkuyar da kai.

Ya zare fel ɗin gaba ɗaya, na zuba a kwano tsirara. Ta dafe kunne ta ce, "Gangar bariki! Ku bari!"

Ya sa matsakaici. Ta saurara, ta ce akwai wani abu can nesa, kamar ana ruwa a garin wasu.

Ya sa siririn, wanda mai shago ya ce na akurki ne, da guntun zana a ƙarƙashinsa. Na zuba. Ta ƙara karkato kunne. Gwangwanin ya ƙare, ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Sai ta ce, "Wannan ya yi kama da ruwa." Saje ya miƙe zumbur. Ta ɗaga masa hannu ta ce gwangwani ba hadari ba ne, ta koma bakin ƙofarta, ƙullin kayan yana nan yadda yake.

Ranar nan ya koma kasuwa. Mai shagon ya ce masa siririn ba ya jimiri, zafin kwano na busar da shi, bayan 'yan damuna sai ya fara tsagewa. Saje ya ce in ya tsage zai hau ya sake, ko sau nawa ne, ai yana da tsani. Ya kira kafinta suka yaye rufin sabon ɗaki a farkon damina, abin da mai hankali ba ya yi, maƙwabta suna cewa fansho ya taɓa masa kai. Suka zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya don kada hudar ta faɗaɗa. Suka kwashe fel mai kauri, suka shimfiɗa siriri falle ɗaya, suka mayar da kwano. Silin ma ya sa aka cire, aka bar zana a fili, in ka kwanta ka ga ciyawa a samanka kamar a kan dutse. Mai kaurin kuwa a akurki ya ƙare. Kajina sun fi kowace kaza a Zuru rufi.

Sai ruwa ya ɗauke ƙafa. Haka yake yi bayan na farko, ya yi ta ja wa mutane rai. Kullum Saje ya fito ya dubi gabas, sama fes. Ran kasuwa ta zo. Mama ta yi wanka da safe, ta ɗaura zanen cocinta, ta sa na fito mata da ƙullin bakin ƙofa. Motar sai la'asar take tashi, direban ya ce zai biyo ya ɗauke ta. Saje ya kasa zama a gida, ya je gindin mangwaron ƙofar gida ya zauna ya juya mana baya. Zafi ya yi zafi, ba iska ko kaɗan. Mama ta gaji da zama ta ce bari ta ɗan miƙe a ciki kafin motar ta zo. Ni kuma na shige madafa ina daka barkono da ƙarfin da ya fi na barkono, ina kuka ina cewa yaji ne.

Ban ga hadarin ba, ban ji komai ba saboda taɓarya. Muryarta na ji, da ƙarfi, irin wadda take kiran mutane da ita daga gona zuwa gona:

"Ɗiyata! Ruwa! Kwashe shanyarki!"

Na fito a guje. Ɗigo ne ɗai-ɗai, ko ƙasa bai gama jiƙawa ba. Na bar shanyar nan ta jiƙe, na nufi ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, fuska sama, kunnen dama a karkace, bakinta a ɗan buɗe. Ruwan ya ƙaru, yana sauka a kan rufin da wata ƙara mai laushi, ba ɗigo ko ɗaya a ciki. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta ce in yi shiru, wai ni in yi shiru, kuma na yi. Muka zauna har ya ɗauke.

Ta fita da sandarta ta soka yatsa a ƙasa. Saje yana tsaye a tsakar gida, ruwan duk a kansa ya ƙare, bai ko motsa ba. Ta ɗago ta ce, "Ya kai." Ta juya wajen da take jin numfashinsa ta ce, "Kai kuma ka tsaya ƙiƙam kamar ana fareti. Ina sunguminka?" Ta kwance ƙullin da kanta, ta zaro gorar ta miƙo mini, karo na farko da ta bar wani ya riƙe ta. Da direban ya zo yana hon a ƙofar gida, ta ce in je in tambaye shi wa ya ce masa tana tafiya.

Dawarta muka shuka a bayan gida, ita ke ba da umarni daga kan kujera. Ta yi 'yan damuna tare da mu, kowace shekara ita ke fara sanar da unguwa, har maƙwabtan da suka yi mana dariya suka koma aiko yara tambaya ko ya kai. A ɗakin ta cika, da damina, a bushe, ina riƙe da hannunta. Saje ya ajiye ragowar naɗin siririn a rataye a ɗakin ajiya don ranar da zai hau ya sake, kamar yadda ya yi alkawari. Har yau yana nan a rataye da igiyarsa. Na rufin bai kai ga tsagewa ba.